Ranar da Anti Badariyya Ta Kai Baƙinta Bakin Teku

Na zauna a gidan Anti Badariyya a Dagenham lokacin da nake karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Aldwych. Ƙaramin ɗakin sama ta ba ni haya, wanda gado ɗaya da akwatina suka cika. Ba danginmu ɗaya ba, wata ƙawar mahaifiyata ce ta haɗa mu. Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuma ba ta da lokacin hira, sai zaman namu ya zo daidai.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, haifaffiyar Gwammaja a Kano. Tana amarya ta zo London, ta biyo mijinta Malam Is'haq da ya samu aiki a wani gidan rediyo mai sashen Hausa. Ta taɓa gaya mini cewa a wancan zamani idan sun je gida hutu, da zarar Malam ya buɗe baki a kasuwa ya tambayi kuɗin wani abu, sai mai kaya ya ɗago kai ya ce, "Kai ne wane?" Muryarsa aka sani, ba fuskarsa ba. Ita kuwa takardar koyarwa ta zo da ita, amma ba ta amfane ta da komai a nan ba. Da aka rage ma'aikata a gidan rediyon, Malam ya koma yin fassara nan da can, ita kuma ta kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Tana juya tsofaffin Turawa a gado, tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki.

"Ashe koyo nake yi," in ji ta wata rana tana wanke hannu.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam 'yan shekaru kafin zuwana. Ɓangaren dama ya daina aiki, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa a baki, madalla. Idan an ba shi shayi, madalla. Idan ƙafarsa ta maƙale a ƙarfen gado yana jin zafi, madalla. Amma yana gane duk abin da ake faɗa, a idonsa ake gani. Council, wato hukumar unguwa, ta kawo gadon asibiti aka kafa a falo, aka ba shi keken guragu, ana kuma turo wata mata da rana ta leƙa shi na ɗan lokaci. Sauran duk Anti ce. Kafin ta fita aiki za ta yi masa wanka, ta sauya masa famfas, ta yi masa alwala, ta juya kekensa ya fuskanci alƙibla. Daga nan sai ya wuni da talabijin har 'yarsu Hidaya ta taso daga makaranta. A nan aka haifi Hidaya, tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa.

An ce a watan farko na ciwon falon nan ba ya rabuwa da masu dubiya. Ni ban tarar da su ba. London ba ta barin mutum ya yi zumunci yadda yake so, kowa da aikinsa, kowa da jirgin ƙasan da zai kama.

Duk Juma'a Yaya Abdulƙadir, yayan Malam, yakan kira daga Kano ta bidiyo. Na sha ganin shirin da Anti take yi kafin kiran. Za ta sa wa Malam kaftani mai guga, ta kafa masa hula, ta cusa filo a gefensa na dama don kada ya karkace, sannan ta riƙe wayar daga sama, ta ɓangaren da fuskarsa ba ta sauka ba.

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Yaya, Alhamdu lillahi."

"Madalla," in ji Malam.

Haka muka taso muka tarar. Ba a cewa ciwo ya yi tsanani. Ko mutum yana gargara da sauƙi ake cewa, mai tambaya ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Amma da aka daɗe ana da sauƙi, mutum bai haɗa kalma biyu ba, sai Yaya ya fara wata magana: a dawo da shi gida. Ga 'yan'uwa, ga ɗaki a zaure, ga masallaci a ƙofar gida. Mara lafiya na danginsa ne, in ji shi, kuma ba ya so a ce ƙaninsa ya ƙare a ƙasar wasu. Anti ba ta musu da shi, ba a musu da yayan miji. Sai dai ta ce likita bai yarda da doguwar tafiya ba tukuna. Ta san idan aka tafi da shi ba za ta iya bin sa ba. Hidaya tana gab da babbar jarrabawa, aikin nan shi ne cinsu da shansu, kuma ta san irin kulawar da jiki irin nasa yake bukata, ta san ba kowa zai iya ba.

Da rani ya shigo sai ga labarin baƙi. Alhaji Saani, abokin Malam tun suna ɗalibai a Zariya, zai zo bikin kammala karatun ɗansa. Tare da shi akwai Rwang, mutumin Jos, Kirista, tsohon injiniyan sauti da suka yi aiki tare da Malam a Kaduna, shi kuma ya zo ganin 'yarsa da ke aikin jinya a Luton. Sun shirya su yi 'yan kwanaki wajen abokinsu. Yaya bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Alhaji Saani idona ne. Abin da ya gani, da shi zan yi aiki."

Anti ta ɗauki hutu a wurin aiki. Ta wanke labule, ta goge tagogi, ta hau jirgin ƙasa har Peckham ta ciko jakunkuna da naman rago da gero da kuɓewa. Da Alhaji ya yi maganar otal ta waya, sai ta ce, "Abokan Malam su kwana a otal ina raye?" Ta bar wa Alhaji ɗakinta, Rwang ya samu nawa, ni na koma wajen Hidaya. Kwalayen famfas da ke jibge a bayan ƙofar falo muka kwashe tare, muka tura su ƙarƙashin gadona, ta ja zani ta rufe.

Muryar Rwang ce ta riga shi shigowa.

"Ina Baturen nan da ya gudu ya bar mu da sauron Kaduna? Fito, an gano ka!"

Sai ya tsaya a ƙofar falo da jaka a hannu. Malam yana cikin kekensa da kaftani da hula. Ya dube su, ana gani yana neman wani abu a cikin bakinsa.

"Madalla," in ji shi.

Rwang ya ajiye jakar, ya durƙusa da gwiwoyinsa na tsufa, ya kama hannun hagun ya riƙe. Alhaji Saani ya ce, "Sannu, Is'haq. Sannu." Daga nan ya matsa wajen taga ya tsaya yana kallon kwandunan shara na maƙwabta, ya daɗe bai juyo ba.

Kwanakin nan Anti ta yi girki kamar mai biki. Tuwo, masa, funkaso, farfesu. Rwang yana ci yana cewa, "Matarmu, da na san haka Hausawa ke girki a Turai da tuni na nemi ƙanwarki." Ita kuma ta ce, "Oga Rwang, ka fara zuwa da goro tukuna." Ba ta taɓa sauya wa Malam kaya suna gidan ba. Sai ta lallaɓa ta tura su masallaci ko kanti, sannan ta rufe falo. Amma Alhaji Saani ɗan kasuwa ne, yana da ido. Tambayoyinsa a hankali yake yin su, yana juya cokali a shayi.

"Hajiya, idan kin tafi aiki, wa yake zama da shi?"

"Akwai mai zuwa, Alhaji."

"Juma'a fa? Ana kai shi?"

"Wani lokaci."

"Yana dai fita yana ganin mutane ko?"

"Sosai ma. Jibi ma bakin teku za mu, na riga na yi booking ɗin mota."

Tun da na zo gidan ban taɓa ganin Malam ya ƙetare ƙofa ba sai zuwa asibiti. Da yamma na ji ta tana tambayar Hidaya sunan garin da makarantarsu ta taɓa kai su kallon sassaƙa a bakin ruwa. Washegari ta nemo motar haya mai ɗaukar keke.

Ita ta ja mu, mu shida, zuwa wani ƙaramin gari a gaɓar Kent. Rana ta fito tas, iska tana kaɗawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu tekun. Yashi ne shimfiɗe iya ganinka, mai tauri kamar daɓe, ruwan kuwa yana can ƙarshen duniya kamar zare. A kan yashin nan aka baje kayan nunin. Akwai wata ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango, akwai kwalekwale da aka haɗa da tsofaffin takalma. Amma mafi yawa mutum-mutumi ne na siminti, maza da mata, kowanne zaune a kan kujera da jaka a cinyarsa, a warwatse tun daga kusa da mu har can nesa, duk suna fuskantar ruwa.

"A'uzu billahi," in ji Alhaji Saani. "Hajiya, gidan gumaka kika kawo mu?"

"Kwantar da hankalinka, Alhaji, ba sa karɓar zakka," in ji Rwang. "Kai, zo ka ga wannan. Wallahi kai ne sak, har tumbin. Hula kawai ya rasa."

Kafin Alhaji ya ankara Rwang ya fizge hularsa ya kafa wa gunkin, ya ce wa Hidaya ta ɗauka. Alhaji ya bi shi da zagi, "Arne, ɗan kan dutse, Allah ya shirye ka." Rwang ya ce shekara arba'in ake yi masa wannan addu'a ba ta ci ba. Anti tana tura keken a tsakanin kujerun simintin, tana tsayawa a gaban kowanne don Malam ya gani. Idonsa ba a kan gumakan yake ba, a kan abokansa yake.

Mun ji daɗin wurin, ba zan ce ba mu ji ba. Muka shimfiɗa tabarma a gindin katangar da ta raba gari da yashi, muka ci masa da yaji. Wani farin tsuntsun teku ya sauko ya fizge kilishi daga hannun Alhaji, Rwang ya ce ko tsuntsun Turai ya san mai rowa. Anti tana yanka masa ƙanana tana ba Malam a baki, tana share masa haɓa da gefen mayafinta da sauri-sauri don kada a lura. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. Abin da ta shirya yana tafiya daidai.

Akwai abu ɗaya da duk muka gani. Kowane mutum-mutumi yana da gansakuka kore tun daga ƙafa har wuya, daga wuya zuwa sama kuma fari ne tas. Alhaji ya kankare kaɗan da makulli ya ce, "Ashe Turawa ma ba sa wanke gumakansu." Akwai kuma allo a bakin gangaren da muka sauko, yana gargaɗi cewa ruwa yana dawowa da sauri. Duk muna jin Turanci, duk mun karanta. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon hadari. A inda muka fito kogi ba ya kawowa sai an yi ruwan sama a wani wuri, kuma ko da ya kawo ana jin rurinsa tun daga nesa.

Bayan cin abinci Anti ta raɗa mini cewa lokacin sauya wa Malam ya yi. Za ta je ta nemo banɗakin da keke zai shiga, yadda za ta ɗauke shi da sunan zagayawa ba tare da sun gane ba. Ta ja Hidaya suka hau cikin gari. Ni aka bari ina tattara kwanuka.

Sai Alhaji ya duba wayarsa ya ce lokacin salla yana wucewa, gara ya haɗa azahar da la'asar tunda matafiyi ne. Ya buɗe abin nuna alƙibla. Kibiyar ta nuna teku, ta tsakiyar gumakan. Ya matsa dama, ga wata mata ta siminti a gabansa. Ya matsa hagu, ga wani tsoho da jakarsa.

"Ni ba zan kai goshina ƙasa gunki yana gabana ba," in ji shi.

"Ka juya musu baya mana," in ji Rwang.

"In juya wa Ka'aba baya ke nan, jahili. Zan wuce na ƙarshensu, in bar su a bayana."

Ya ɗauki sallaya zai tafi, sai Malam ya miƙa hannun hagu ya damƙe hannun rigarsa. Ya sake shi, ya nuna ƙirjinsa, ya sake damƙewa.

"Jam'i za ka bi ni?" in ji Alhaji.

"Madalla."

Alhaji ya ɗauko gorar ruwa ya wanke masa hannu da fuska da kansa. Na ce ko a jira Anti ta dawo. Ya ce, "Yanzun nan za mu dawo, 'yata." Rwang ya kama keken ya tura, suka nausa cikin yashi, suna wuce kujerun ɗaya bayan ɗaya har suka zama ƙanana.

Abin da ya faru a can Rwang ne ya ba mu labari daga baya. Sun wuce gunkin ƙarshe, Alhaji ya shimfiɗa sallaya, ya jawo keken ya daidaita shi da kafaɗarsa ta dama. Rwang ya koma gefe ya cire hularsa ya riƙe musu takalma, yadda ya saba yi musu a Kaduna. Da suka sallame azahar ya ce, "Alhaji, ruwan nan fa tafiya yake yi." Alhaji ya duba, ya ga ɗan ruwa ne shimfiɗe kamar an yi wanki an zubar. Ya ce raka'a biyu ce ta rage. Ya juya ya ga Malam ya riga ya ɗaga hannun hagu zuwa kunne yana jira. Sai ya kabbara.

Ruwan bai zo musu ta gaba da igiya ba. Ta gefe ya lallaɓo, ya cika wani kwari marar zurfi da ke bayansu, wanda ba mu ma lura da shi ba da yake a bushe. Daga inda nake na ga wani abu yana ƙyalli tsakaninmu da su, yana faɗi. Wata tsohuwar Baturiya mai kare ta fara ihu tana ɗaga musu hannu. Ina cikin miƙewa sai ga Anti ta wuce ni a guje, ta watsar da takalmanta a kan gangaren. Na bi ta.

Sanyin ruwan kamar ana yanka ƙafa. Da muka isa ya kai ƙwauri, sallayar tana yawo, Alhaji da Rwang suna ta kokawa da keken. Yashin da ɗazu yake kamar daɓe ya zama kunu, tayoyin sun nutse har rabi. Muka taru mu huɗu muka ja, ko motsi. Malam yana zaune ruwa yana wasa da bakin kaftaninsa, hannunsa har yanzu a kan gwiwa yadda ya yi tahiya.

Anti ta kwance masa bel ɗin keken, ta juya masa baya, ta tsuguna a cikin ruwan, ta jawo hannunsa ta kan kafaɗarta. Ta miƙo mini mayafinta.

"Karimatu, ɗaure."

Na ɗaure shi a bayanta yadda ake goya yaro. Da ta miƙe kaftanin ya tattare sama, wandon ya zame. Famfas ɗin ya sha ruwa ya yi nauyi, ya sauko har cinya, ga ƙafafunsa sirara kamar sanduna suna reto. Abin da ta kwana biyu tana rufe falo a kansa, ga shi a fili da rana tsaka, a gaban abokansa da Turawan da suka taru a kan katanga. Alhaji ya kawar da kai. Sannan ya kama ta ta dama, Rwang ta hagu, muka shiga kwarin. A tsakiyarsa ruwa ya kai mata ƙugu. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe, ta ce "Ya Salamu," ta ci gaba.

Da muka hau katangar na waiwaya. Keken yana can shi kaɗai a gaban gumakan, ruwa ya kai mazauninsa. Su ma na can nesa ruwa ya fara hawa jakunkunansu.

Wasu ma'aikatan ceto suka zo suka lulluɓe shi da wani bargo mai ƙyalli, suka ce a jira motar asibiti a duba shi. Hidaya tana kuka. Alhaji yana zaune a ƙasa, babbar rigarsa ta manne masa a jiki, hularsa ta bi ruwa. Can sai Rwang ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ka guje wa gunki, ka tafi yi wa kifi limanci."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Malam. Muka zabura, mun ɗauka shaƙewa ya yi. Bakinsa a karkace, yawu yana zuba, haƙoransa suna kaɗawa don sanyi, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza.

"Mum, is he choking?" in ji Hidaya.

"Dariya yake yi," in ji Anti.

Rwang ya ƙara da cewa ko kifayen ma sun ce sallar ta yi tsawo. Malam ya sake ƙyaƙyacewa har da hawaye, ya miƙa hannu yana dukan gwiwar Alhaji. Alhaji ma ya fara, yana yi yana share ido. Anti kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tana tsugune a gabansa tana murza masa ƙafa, ta ɗago tana kallon fuskarsa kamar ta wani baƙo.

Ya kwana a asibiti aka sallamo shi da maganin ƙirji da keken aro. Ranar da baƙin za su tafi ina kicin ina yanka albasa, Anti tana juya masa a tanda, sai Alhaji ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, ni na kusa kashe shi, ba ni da bakin magana. Na kuma ga abin da kike yi. Ko uwa sai haka. Idan na koma zan ce wa Yaya da sauƙi, a bar shi inda yake."

Abin da take nema ke nan tun ranar da aka ce suna tafe. Na jira ta yi godiya. Ta kwashe masar da ta nuna, ta zuba mai, ta zuba wani ƙullun.

"Alhaji, tun da ya kwanta ban ji dariyarsa ba sai a kan katangar nan. Ina yi masa wanka, ina ba shi abinci, ina juya shi. Amma ni ba zan tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu ba. Ba mai zuwa. Matar da ake turowa ko sunansa ba ta iya faɗa ba. Juma'a kuwa bai taɓa zuwa ba, ƙarya na yi maka."

"Hajiya..."

"Kada ka ce da sauƙi. Ka gaya wa Yaya abin da ka gani. Amma bari a tambayi mai jikin."

Ta kashe wuta ta shiga falo, muka bi ta. Rwang yana zaune a bakin gado, Hidaya tana kan matakala. Anti ta durƙusa a gaban keken ta sa hannunta a cikin nasa na hagu.

"Malam, ba da baki za ka amsa ba. Idan kana son a kai ka gida wajen Yaya, ka matse hannuna. Idan nan kake so, ka bar shi haka. Ni da Hidaya ba za mu iya bin ka yanzu ba, ka sani."

Ya dube ta. Ya juya ido ya dubi matakala, ya daɗe. Sannan na ga yatsunsa sun rufe a kan nata, har farcensa ya yi fari.

"So you're just giving him away," in ji Hidaya. Ta haye sama ta bugo ƙofa.

Da sanyi ya fara shigowa aka tafi da shi. Anti ta raka shi, ta yi iya hutun da aka ba ta, ta nuna wa 'ya'yan Yaya yadda ake juya shi da yadda ake duba bayansa da dugadugansa don kada su yi gyambo, ta dawo. Council ta aiko aka kwance gadon. Sawun ƙafafunsa huɗu yana nan a kan kafet, ta goga ta goga bai tashi ba. Hidaya ta ci jarrabawarta, amma har na bar gidan ba ta cika zama a falo ba idan uwarta tana ciki.

Yanzu Anti ce take kira ranar Juma'a. Na ga kiran ƙarshe kafin in tashi daga gidan. Malam yana zaure, ana jin muryoyin maza a kusa da shi, wani yana gardamar ƙwallo, wani yana kiran mai shayi. An ce duk salla samari suna ɗaukarsa zuwa masallaci, Alhaji Saani yana zuwa kullum bayan la'asar, Rwang ma ya zo daga Jos sau ɗaya. Malam ya rame. An sa masa kaftani mai guga da hula, an cusa filo a gefensa na dama, mai riƙe da wayar ya ɗaga ta sama ta ɓangaren hagu.

"Yaya, ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Hajiya, Alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ta yi wa Malam magana, ya dube ta, ya faɗi kalmarsa. Aka kira salla a can, aka yi sallama da sauri. Ta zauna da wayar a cinya.

"Kin ga sun rufe masa ƙafa da bargo?" in ji ta. "A wannan zafin na Kano."

Na ce na gani.

"Dugadugan ne. Na gaya musu."

Ta tashi ta ɗauko takalmanta na aiki, ta zauna a matakala ta ɗaure su. Ta ce akwai miya a firji idan na ji yunwa, ta fita ta tari bas.